Sunan da Yaya Ya Ba Ni Ajiya

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ta Zermu ba, ni da mantuwa ce ma ta ja min abin. Har yau in na ji an ce ana raɗin suna a unguwarmu, sai in nemi tabarmar da ta fi nisa da liman in zauna.

Shekarun fari ne, lokacin da damina ta yi ta yi mana rowa har gero ya zama sai wane da wane. Ni a lokacin saurayi ne, ina aikin buga takardu a wani buro, wato ofis, a Damagaram, da farar riga da alƙalami a aljihu, ina ganin duk garin ba wanda ya kai ni kai. Mu da aka raina da fura da tuwon gero, sai ga alkamar taimako ana saukewa buhu-buhu, ma'aikata kuma ba a barin mu a baya wajen rabo. Da safe burodi da shayi, da rana dambun alkama, da dare taliya. A gidanmu na ƙauye sai da salla ko biki ake ganin abin alkama, don haka ni murna nake yi. Mutane na kukan yunwa, ni ina ganin ci gaba ne ya same ni.

Sai jikina ya fara yi min wani iri. Kumburin ciki da yawan zagayawa bayan gida ba su dame ni sosai ba, kowa na fama da nasa cikin a shekarun nan. Abin da ya tsorata ni shi ne kaina. In na ci abinci da ɗan jimawa, sai in ji kamar madafin da aka hura ɗanyen itace aka rufe ƙofa: komai yana nan a ciki, amma hayaƙi ya hana a gan shi. In shiga wurin shef, shugaban buron namu, da takarda a hannu in tsaya ina kallonsa, na manta abin da ya kawo ni. A salla kuwa ƙabli da ba'adi sun zama abokaina. Shef ya ce soyayya ce, abokan aiki suka ce aljanu, Gwaggo Hajjo, ƙanwar mahaifinmu, ta ce yunwa ce, in ƙara cin burodi. (Maganar Gwaggo na ɗauka, don ita ta fi daɗin bi.)

Yayana Isuhu manomi ne a ƙauyenmu da ke bayan Mirriya. Gona ta ƙi, dabbobi suka ƙare, wasu a kasuwa wasu a bakin rijiya, ya ga ba abin da ya rage sai ci-rani kudu. Matarsa Rakiya tana da cikin fari. Mahaifinta, wani dattijo mai zafi da kowa ke kira Sarkin Noma, ya zo da kansa ya tafi da ita Zermu. Zuwa gida haihuwar fari al'ada ce, amma shi da faɗa ya zo. Ya ce namijin da zai tsallake ya bar mace da ciki a irin wannan shekara bai san darajarta ba, kuma in ta haihu ba za ta koma ba. Yaya yana son matarsa kamar me, amma bai iya ɗaga ido ya amsa wa suruki ba.

Ranar da zai tafi na raka shi tasha. Ina tsaye ina cin burodi (ku riƙe wannan), ya ja ni bayan wata mota.

“Ka ji ni da kyau. Kai za ka tsaya min ranar suna. Rago yana wurin Gwaggo, shi kaɗai ya rage mana. In mace ce, sunan Inna za a sa, wannan ba sai na faɗa maka ba. In kuma namiji ne…”

Ya duba hagu, ya duba dama, ya sunkuyar da kai kamar wanda zai yi sata, ya raɗa min suna a kunne sau ɗaya tak.

Na ce, “Yaya, maimaita.”

Ya ce, “Kai ma ka san ba zan iya maimaitawa ba. Ka riƙe shi kawai. Kada kowa ya ji sai liman, sai ranar. Wannan sunan shi zai dawo min da Rakiya.”

Na san mai karatu ya riga ya gane. Babban mutum yana jin kunyar furta suna, yana cewa sunan zai dawo masa da mata: ko yaron goye a Damagaram ya san sunan surukinsa ne, takwara yake so ya yi wa dattijon don ya huce. A ƙasarmu ba a kama sunan suruki, shi kuwa Sarkin Noma tunda nake ban taɓa jin wani ya kira shi da sunan yanka ba. Amma ni mai alƙalami a aljihu ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Za a ce me ya hana ni rubutawa. Girman kai ne, ba wani abu ba. Na ce a raina, suna guda ɗaya ne zai gagare ni?

Da farko kam bai gagare ni ba. Nakan laluba shi lokaci-lokaci in ji yana nan. Da aka aiko cewa Rakiya ta sauka, namiji, na ɗauki Gwaggo da ragon muka hau babbar mota. Ragon nan Gwaggo ta yi watanni tana raba dusarta da shi, tana bin gari tana roƙon harawa, ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje amma dai rago ne, kuma a shekarar nan samun wani kamarsa sai dai a mafarki. Don a san ɗan birni ya zo, na haɗa da garin alkama daga rabona na kai wa gidan gudummawa.

Sarkin Noma ya tarbe ni ba yabo ba fallasa. Amma na lura ya sa an share ƙofar gida fes, an aro tabarmi, an aika wa dattawan ƙauyukan kusa. Ashe Gwaggo, wadda magana ba ta kwana a cikinta, ta riga ta shaida wa matan gidan cewa Isuhu ya bar saƙon da zai faranta wa tsoho rai. Ita ba ta san sunan ba, amma ta hango. Shi ma ya hango. Duk Zermu an hango, in ban da ni.

Matan gida suka karrama ni da abin da na kawo. Da yamma taliya da finkaso. Da asuba, kafin mutane su taru, aka turo min fanke mai zafi da kunun alkama, aka ce na baƙo ne shi kaɗai, sauran jama'a kunun dawa za su sha. Na ce a'a sau ɗaya don kunya, sannan na cinye tas.

Hantsi bai gama fitowa ba ƙofar gida ta cika. Sarkin Noma ya fito da babbar rigarsa ta salla, ya zauna kusa da liman, yana gyara rawani. Aka raba goro da ɗan dabino. Can gefe mahauci ya riƙe ragon Gwaggo, yana goga wuƙa a dutse. Sanƙira, mai shelar biki, wani siriri mai baki kamar reza, yana tsaye yana jiran a ba shi suna ya kai wa jama'a. Ni kuwa tun ina zaune na ji hayaƙin ya fara tasowa. Muryoyin mutane suka yi nisa. Na ga bakin wani yana motsi yana gaishe ni, na amsa masa da “amin”.

Liman ya yafito ni. “Bismilla, ƙanin uba, matso kusa.”

Na rarrafa na durƙusa a gabansa. Ya kawo kunnensa daidai bakina, har ina jin ƙamshin turarensa.

“Me uban yaro ya ce?”

Na buɗe baki. Na laluba inda na saba ajiye sunan a kaina, na tarar babu.

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Ina ganin tashar a idona, ina ganin motar, ina ganin Yaya ya sunkuyo, har ɗumin numfashinsa ina ji a kunnena, amma abin da ya faɗa ya shafe. Na yi tari. Na sake yin tari. Na ce a taimaka min da ruwa. Aka kawo, na sha a hankali kamar mai shan magani, ina kallon gindin ƙwarya ko sunan yana can.

“Allah gafarta Malam,” na ce, “ko a fara addu'a tukuna?”

Liman ya dube ni. “Addu'a ga wa, ɗana? Ai sai da suna.”

Sanƙira ya ga abin ya yi tsawo, ya ɗaga murya yana tsokanata da “mushe”, yadda ake kiran ɗan boko da yaren Nasara: “Jama'a a yi haƙuri, mushe ne, da Faransanci ya zo da sunan, sai an fassara!”

Aka yi dariya, amma Sarkin Noma bai yi ba. Ya daina gyara rawani, ya zuba min ido. Ina jin ƙarar wuƙa a kan dutse, ƙyas, ƙyas. Gumi ya jiƙa farar rigar nan. Na bi sunayen annabawa a zuciyata, suna zuwa suna wucewa, ba wanda ya tsaya. Na bi na sahabbai, na kasa wuce biyu.

Mai hankali zai ce, “Malam, na manta, a ɗan jinkirta.” Ko ya ce a kira Gwaggo. Na yi tunanin haka, amma sai na ga fuskar dattijon. Mutumin da ya ce gidanmu ba mu san darajar 'yarsa ba, in ce masa a gaban dattawan ƙauyuka mun manta sunan jikansa? Na ga kamar da bakina zan kashe auren Yaya.

Liman ya sake matsowa, muryarsa ta canza. “Rana tana yi, mutane na jira. Faɗi.”

Cikin duk hayaƙin nan suna ɗaya ne kawai ya rage a tsaye, wanda na tabbata na namiji ne, na Musulmi, kuma ba zan yi kuskuren faɗarsa ba. Na raɗa wa liman sunana.

(Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya sha shela isasshiya.)

Liman ya janye kansa, ya dube ni sama da ƙasa. Ya san sunana sarai, jiya aka gabatar da ni.

“Haka uban yaro ya ce?”

Nan ne wurin da har gobe nake jin kunyarsa fiye da komai: na gyaɗa kai. Na ɗora wa Yaya, yana can yana dakon kaya a garin mutane.

Liman ya yi addu'a, aka shafa. Sanƙira ya karɓi suna, ya ɗan tsaya shi ma, sannan ya kwarara shi har bayan gari, sau uku. Mahauci ya yi bismilla. Ragon da Gwaggo ta yi wa wahala ya tafi da sunana. Daga cikin gida wata ta fara guɗa, ta katse a tsakiya kamar an toshe mata baki.

Sarkin Noma ya miƙe a hankali, ya kaɗe rigarsa.

“Allah ya raya,” ya ce. Sannan ya juya wajen dattawan da ya gayyato. “Kun dai gani. Babban ya gudu ya bar mata da ciki, ƙaramin ya zo ya yi wa kansa takwara a ƙofar gidana. Rakiya tana nan inda take.”

Ya shige gida. Jama'a suka watse ba hayaniya, kowa yana kauce wa idona, sai sanƙira da ya rage murya ya ce min, “Mushe, ko ni da nake maroƙi ban taɓa roƙa wa kaina irin wannan ba.”

Gwaggo ta same ni a bayan rumbu.

“Ɗan nan, me ka yi?”

“Gwaggo, mantawa na yi.”

“Ka manta, sai ka ba da naka? Don ba ka da kunya?” Ta fashe da kuka, rabi don Isuhu, rabi don ragonta. Da ta share hawaye ta ce, “Ba inda za ka. Zan aika buronku a ce ba ka da lafiya, ai ba ƙarya ba ne. Nan za ka zauna sai ka tuna abin da yayanka ya faɗa maka.”

Haka na zauna a zauren mutanen da ba sa son ganina. Ba wanda ya kore ni, mutanen Zermu ba sa korar baƙo, amma karramawa ta ƙare. Sauran garin alkamar aka raba wa maƙwabta, aka ce ba a son komai nawa a gidan. Ni kuma aka koma turo min abin da kowa ke ci: kunun dawa tsararo, dafaffen ganyen tafasa, da dilo, 'ya'yan anza masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Yarinyar da ke kawowa takan dire ƙwaryar ta juya ba sallama. Ina jin kukan jaririn daga ciki, ina jin mata suna ƙin kiran sunansa, sai dai su ce “yaron”. Rakiya kuwa ko leƙowa ba ta yi ba. Wannan ya fi zagi ciwo.

Bayan 'yan kwanaki sai na lura da wani abu. Cikina ya sace. Na yi sallar asuba ban yi kokwanton raka'a ba. Na tuna inda na ajiye makullin ɗakina da ya ɓace tun kafin azumi. Kamar an buɗe ƙofar madafin nan, hayaƙi yana fita kaɗan-kaɗan. Horon da suka yi min ashe magani ne, su ba su sani ba, ni ma ban sani ba.

Wata la'asar ina rakuɓe a bakin zaure. Sarkin Noma yana zaune a inuwa yana tufkar igiya, liman yana gefensa suna maganar ko hadari zai haɗu bana. Tun ranar suna dattijon bai ce min ko ci kanka ba. Ni ba tunanin komai nake yi ba, ina kallon wata kaza ce tana tono. Sai kawai na ji muryar Yaya a kunnena, tar, kamar yanzu ya faɗa. Ban san lokacin da na zabura na miƙe ba, na ƙwala da iyakar ƙarfina:

“Yahuza!”

“Na'am!” in ji Sarkin Noma.

Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Shi ma bai san ya amsa ba. Liman ya riƙe baki. A cikin gida aka daina daka.

A lokacin ne, sai a lokacin, na gane. Na tsaya a ƙofar gidan dattijo, surukin yayana, na kira shi da sunan yanka gatsal kamar ina kiran yaron aike. Na zube a gabansa.

“Baba, ka gafarce ni. Wallahi ban san naka ba ne. Shi ne sunan. Shi Yaya ya faɗa min a tasha, ya ce shi zai dawo masa da Rakiya. Ni na manta, na ji kunyar in ce na manta, na yi masa ƙarya.”

Ya daɗe yana kallona. Ina jira ya ɗauki igiyar nan ya zabga min, kuma da ya yi da ban ga laifinsa ba.

“Isuhu ne ya faɗi wannan sunan? Da bakinsa?”

“Sau ɗaya, Baba. Na ce ya maimaita, ya ce ba zai iya ba.”

Dattijon ya sa gefen rawani ya goge ido. “Rabon da in ji shi a bakin mutum,” ya ce, “tun da aka binne innata.” Sannan ya ƙara da cewa, kamar da kansa yake magana, “Ashe yaron nan ya yi niyya.”

Liman ya gyara murya ya ce ai ana iya sauya wa yaro suna, ba sai an sake yanka ba.

“A'a, Malam, a bar shi. An yi shela, jama'a sun shafa. Ya zauna da sunan, duk wanda ya kira yaron ya tuna da wannan shashashan.” Ya nuna ni da haɓa. “Kai kuma tashi ka aika wa yayanka. In Rakiya ta yi arba'in ya zo ya ɗauki matarsa. Na biyu in Allah ya kawo, nawa ne. Kuma kada ya ba ka ajiya.”

Da na koma Damagaram na koma wa burodina, hayaƙi ya dawo. Na bari, ya tafi. Na sake gwadawa (kun riga kun ga kaina ba ya ɗaukar darasi da wuri), ya sake dawowa. Daga nan na sallama. Na riƙa kai rabona na alkama kasuwa ina musanya shi da ɗan gero ko dawa, ana yi min dariya wai na bar abincin manya na koma na talakawa. Sai bayan shekaru wani lokotoro a asibitin Yamai ya gaya min akwai wani abu mai danƙo a cikin alkama, gulutan, wanda hanjin wasu mutane ba ya ɗauka, kuma har kai yakan taɓa. Tun daga nan ba burodi, ba taliya, ba alkaki ko na bikin wa. In zan yi tafiya da furata nake tafe. In kuma aka yi kuskure wani abu ya shiga cikina na ji hayaƙin yana tasowa, na koyi in faɗa da bakina: yau kaina ba ya aiki, a jira ni. Kalmomin nan ba su da wuyar faɗa, da na iya su a gaban liman da ragon Gwaggo bai tafi a banza ba.

Rakiya ta koma ɗakinta. Ta yi shekara ba ta amsa gaisuwata da kyau ba, Yaya kuwa bai taɓa tayar min da maganar ba, wanda ya fi duka zafi. Takwarana ya girma, yanzu shi ma magidanci ne, kuma ba ya mance komai, don a ƙara min haushi.

Namiji na biyu bai zo da wuri ba, mata biyu suka shiga tsakani. Kafin ya zo, Sarkin Noma ya rasu. Ranar sunan, Yaya da kansa ya durƙusa gaban liman, ya raɗa masa sunan. Da sanƙira ya ɗaga murya ya ce Yahuza, sai na ji kamar wani zai ce na'am. Ba wanda ya ce.

Ni aikin da aka ba ni ranar shi ne riƙe igiyar rago, can nesa da liman, bayan Gwaggo ta tabbatar da idonta cewa kunun gero na sha. Na riƙe ta da hannu biyu. Abin da na koya ke nan: in an ba ka ajiya ka tambayi ta wace ce, in ta ɓace ka ce ta ɓace, kuma kada ka ci fanke kafin ka je gaban liman.